Kwalaben da Hajjo ta Wanke

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, na riga na ga bidiyon. Wata mai farar riga ta ɗiga ruwa a faranti, aka sa kiɗa, kafin ka ƙifta ido ƙwayar fata ta koma ƙwayar ƙwaƙwalwa, har tana wani haske kore. Shi ne kuka kwaso ƙafa daga makaranta kuka zo gidana nan Kaura, wai in koya muku a hutun nan. A hutu! Kai, yaran zamani, Allah ya shirye ku. To ku gyara zama, ga zoɓo nan, wanda ya zubar mini a tabarma shi zai wanke.

Bari in fara da abin da bidiyon ya faɗa daidai. Jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da littafin jiki gaba ɗaya, sai dai shafinta kawai take karantawa. Ta fata tana karanta shafin fata, ta hanta shafin hanta. Aikinmu shi ne mu lallaɓi ƙwayar da ta riga ta girma har ta manta da sana'arta, ta koma ɗanya wadda ba ta zaɓi komai ba, sannan mu bi da ita a hankali ta zama uwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, irin wadda ke gina kan jariri tun yana ciki. Ba mai buɗe cikin mace ya leƙa yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa, shi ya sa muke raino a faranti mu zuba ido. Wannan duk gaskiya ne. Abin da bidiyon ya haɗiye shi ne watannin da ke tsakani, da asarar da ake tafkawa a cikinsu.

Ni ba farfesa ba ce, kada ku ɗora mini abin da ban kai ba. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, Kulu, kuma a Zurmi na fara, ina duba jinin masu zazzaɓi da bayan gidan yara masu tsutsar ciki. Ina nan sai na ji wata Farfesa da ta dawo daga ƙasar waje ta buɗe ɗakin bincike a wani asibitin jami'a, tafiyar yini guda daga nan. Tana cigiyar mace mai tsayayyen hannu, wadda ke jin Fulatanci ko kaɗan ne, wadda za ta iya shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga. Kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, hannuna kuwa ba ya rawa. Na tafi ina hura hanci, ni ga wadda ta iya aiki. Wata uku matar nan ba ta bar ni na taɓa ƙwaya ko ɗaya ba. Ruwan famfo ta rina, ta miƙo mini fifet, wato ɗan bututun da muke zuƙo ruwa da shi mu ɗiga, ta ce in yi ta kwashewa daga wannan faranti zuwa wancan har kumfa ya daina fita. Ta raba ni da awarwaro da zobe. Komai zai shiga wurin aiki sai an feshe shi da sifirit, har tafin hannuna ya yi kaushi.

Gaisuwa ce ta fara kayar da ni. Muna aiki ne a cikin wani akwatin gilashi da tatacciyar iska ke hurawa a ciki, hannu kaɗai ke shiga. Ranar da aka fara ba ni faranti nawa na kaina, ina cikin aiki, masinja ya leƙo ya ce mini sannu da aiki. Ni 'yar Zurmi, a gaishe ni in yi shiru? Na juyo na amsa, na tambayi iyali, ya tambayi gajiya, na ce babu gajiya, na ɗaga hannu daga akwati na gyara takunkumin bakina don ya ji ni sosai, na mayar da hannun ban fesa ba. Duk wannan farantin yana buɗe. Bayan kwana biyu ruwan abincin ƙwayoyin, wanda ya kamata ya zauna ja-ja garai-garai, ya koma rawaya ya dame. Ƙwayoyin cuta sun shiga sun cinye komai. Farfesa ba ta yi faɗa ba, ta dai ajiye farantin a gabana ta ce in kalle shi har in ƙoshi. Daga ranar na koyi amsa gaisuwa da ka, wani lokaci ma in yi kamar ban ji ba. Har yau akwai masu cewa Kulu girman kai gare ta. Su yi ta faɗa.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da rigimarsa. Akwai inkubeta, akwatin ɗumi inda ƙwayoyi ke kwana, zafinsa daidai da na jikin mutum, kuma sai da tukunyar gas a gefe tana ba shi iskar da suke so. Wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, ko gas ya ƙare ba a lura ba, an gama. Akwai madubi mai ƙara girman abu da muke ganin su da shi. Akwai kuma tulun ƙarfe mai ruwan naitirojin, ruwa mai tsananin sanyi, yana hayaƙi, in ya taɓa yatsa ƙuna yake yi. A ciki muke daskarar da ƙwayoyi a 'yan kwalabe da ba su kai ɗan yatsa ba, su yi shekaru suna barci. Wajen likitocin dabbobi masu adana irin bijimai muke samo ruwan, don haka ranar da motarsu ta zo har rangaɗa guɗa nake yi a zuci. Su kuwa ƙwayoyin da ke farke, kullum sai an canza musu abinci. Ba su san Juma'a ba, ba su san Sallah ba. Bukukuwan dangi nawa na rasa saboda su, har ƙanwar mijina ta yi shekara ba ta yi mini magana.

Aikin da nake so ku ji shi ne na wata ruga a bayan Galadi. Farfesa tana bincike a kan yaran da ake haifa da ƙaramin kai, sai wata ma'aikaciyar lafiya a Shinkafi ta ba mu labarin wani gida. Mai gidan sunansa Buba, matarsa Hajjo, kuma auren zumunci ne, don Hajjo ɗiyar ƙanen uwar Buba ce. Wato tsohuwar gidan, Goggo Dije, ita ce surukar Hajjo, ita ce kuma goggonta. 'Ya'yansu uku. Babbar, Saude, lafiyarta lau. Na biyu namiji, an haife shi da ƙaramin kai, bai yi shekara ba ya koma. Sai Adama, mai shekara tara, ita ma haka. Tana tafiya, ba ta magana, amma ga dariya, kuma in ka tafa mata hannu kun ƙulla abota ke nan.

Goggo Dije ta riga ta yanke hukunci tun ranar sunan Adama. Ta ce Hajjo ce ta jawo. Wai tana da ciki take yada zango da tsakar rana a gindin wata tsamiya in ta dawo tallan nono, an hana ta ba ta ji ba, iska ta biyo ta gida. Saboda haka ta hana ta tatsa, ta hana ta taɓa ƙwaryar nono, kada abin ya shiga garke. Ku 'yan gari ba za ku gane nauyin wannan ba. Mace a ruga, nono shi ne kasuwarta, shi ne mutuncinta, da shi take sayen zanenta. Shekara tara Hajjo tana ɗebo ruwa da itace, tana kallon matan ƙannen mijinta suna jera ƙorai.

Na zauna da Buba da Goggo na yi musu bayani tiryan-tiryan. Na ce ba magani na kawo ba, kuma ba zan yi musu ƙarya in ce zan kawo ba, so muke mu gane yadda abin ke faruwa. Buba ya ce ba za a soka wa yarinyar allura ba, don in ta tsorata farfaɗiya ke tasar mata. Na ce ba komai, fitsari ma ya isa, akwai 'yan ƙwayoyi da ke biyo shi daga ciki. Goggo ta dube ni sama da ƙasa.

"Tun daga birni kika hau mashin kika zo roƙon fitsari?"

Na ce ƙwarai kuwa, Goggo, sana'ata ke nan. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta murtuke fuska ta ce sai an tambayi liman, don ta san abin da ake yi da gashi da farce da irin waɗannan. Liman ya saurare ni, ya yi tambayoyi masu ma'ana fiye da na wasu ɗaliban jami'a, ya ce bai ga laifi ba. Buba da Hajjo suka dangwala yatsa a takardar amincewa, na kuma goge cikin kumatunsu da auduga don gwajin gado.

Zan tafi ke nan Hajjo ta biyo ni bayan bukka kamar za ta raka ni. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ni ban tambaye ki magani ba, Yaya. In kin duba, ki dawo ki gaya mini ko ni na jawo mata."

Na ce zan dawo. Da na ba Farfesa labari ta yi mini tatas, ta ce a wannan aiki ba a yin alkawari, don ƙwaya ba ta san an yi ba. Tana da gaskiya, amma bakin ya riga ya furta.

To ga inda aka yi abin. Adama ba ta fitsari don an ce ta yi, sai ta ga dama. Don haka na bar wa Hajjo kwalabe biyu a cikin ledarsu a liƙe, ɗaya ta Adama ɗaya ta Saude, don sai da ta mai lafiya ake gwadawa. Na ce da safe ta tara mini, ni zan kwana a Shinkafi in dawo. Washegari na iso a bayan Malam Mamman, wani dattijon ɗan kabu-kabu da ya san kowace hanyar daji a yankin. Hajjo ta miƙo kwalabe a naɗe cikin farin ƙyalle, suna ta ƙyalli. Na ce a raina, wannan mata akwai tsabta. Na sa a kula mai ƙanƙara muka kamo hanya, don fitsari ba ya jira, cikin 'yan awoyi sai an tace shi. A wani shinge jami'i ya tsare mu ya ce mene ne a kular. Na ce fitsari ne, ranka ya daɗe. Ya ce in daina yi masa wasa. Na buɗe na miƙa masa. Bai ƙara tsayar da mu ba har muka gama zirga-zirgarmu, da ya hango mu yake ɗaga hannu yana kau da kai.

A nan Kaura na juya shi a injin wata ƙawata mai ɗakin gwaji, ƙwayoyin suka kwanta a ƙasa, na zuba musu abinci, na shiga mota. Kwana uku a inkubeta, faranti biyun suka yi rawaya. Da na duba a madubi, har wasu abubuwa na gani suna iyo. Na koma Galadi, na sake barin kwalabe, na sake ja wa Hajjo kunne a kan tsabta, ta ce in sha Allahu za ta ƙara kula. Aka sake, suka sake ruɓewa, wannan karon ma ya fi muni. Farfesa ta leƙa madubi ta ɗago ta ce, "Kulu, wa kika gaisar?" Na rantse mata ko tari ban yi ba.

Zuwa na uku na ce ba inda za ni, a rugar zan yini. Na miƙa wa Hajjo kwalabe na zauna a inuwa ina shan fura kamar ba ruwana. Ina kallo matar nan ta yage ledar da haƙori, ta kwance murafe, ta ɗebo toka da ruwan rijiya, ta sa soso ta dirje su ciki da waje, ta ɗauraye sau uku, ta kife su a rana kan karan da ake shanya ƙorai. Wallahi furar ta kusa sarƙe ni. Na taso ina cewa me kike yi haka. Ta dube ni da mamaki ta ce yaya za ta ba baƙuwa abu a mazubin da ba ta wanke da hannunta ba, alhali ba ta san wanda ya taɓa shi a birni ba? Kuma da na ce ta ƙara kula da tsabta, ai shi ya sa ta ƙara toka.

Dariya ta zo mini, tausayi ya danne ta. Matar da aka hana wanke ƙwarya shekara tara ta samu abin wankewa, ta zuba duk iyawarta a kai. Laifina ne, ni ce ban yi bayani ba. Na zaunar da ita na ce kwalbar nan an dafa ta a tururi mai zafin gaske aka rufe, kamar madarar da aka tafasa aka kife da faifai, duk wanda ya buɗe ya sa hannu ya ɓata ta, ko da hannun ya fi na kowa tsabta. Ban gama rufe baki ba ta gane, ta ce ashe ita ta yi ta tsinka mini nono. Sa'a na zo da wasu kwalaben a jaka. Muka ɗura wa Adama ruwa da fura, na yi ta tafa mata hannu har tafina ya yi ja, can wajen hantsi ta ga dama.

Wannan karon ruwa ya zauna ja. Kwana tara ina leƙa madubi ba komai sai fili, rana ta goma na ga wasu 'yan ƙwayoyi shida sun manne a gefe guda. Na yi ta lallaɓa su har suka cika faranti. Daga nan aka zo wurin da kuka gani a bidiyo. Ana haɗa ƙwayoyin da wasu saƙonni na gado da aka sayo daga waje, a sa su a wata na'ura ta ɗan buga musu lantarki don saƙon ya shiga. Yawancinsu mutuwa suke yi nan take. Cikin waɗanda suka rayu, ɗaiɗaiku ne ke karɓar saƙon. Sai ka yi mako uku ko huɗu kana ciyar da faranti kullum kafin ka ga wani ɗan tsibiri mai santsin baki ya fito, ka sa bakin allura a ƙarƙashin madubi ka yanko shi, numfashinka a riƙe. Na samu na Adama, na samu na Saude.

A nan na yi wautar da ba zan manta ba. Dokar Farfesa ita ce duk ƙwayoyin da suka kama a daskarar da kwalba goma daga cikinsu kafin a ci gaba. Babbar Sallah ta matso, motar Kaura tana jira a tasha, ƙwayoyin Adama ba su yi yawan da za su cika goma ba sai an ƙara kwana huɗu. Na daskarar da uku, na ce in na dawo na cika, na bar wa abokiyar aikina ciyar da sauran. Na zo na ci naman Sallah hankali kwance.

Shekarar ce ta zame mana baƙa. Damina ta yi ƙarfi, fumfuna ta shiga inkubeta, ta bi faranti ɗaya bayan ɗaya, fari-fari kamar auduga. Kafin in dawo an zubar da komai, har da na Adama. Muka wanke, muka narkar da kwalba ta farko, fumfuna ta sake cinyewa, don ashe a tiren ruwan da ke ƙasan inkubeta ta yi gida ba mu sani ba. Muka narkar da ta biyu, ta kama da kyau, sai gas ya ƙare ranar wata Asabar, mai kawowa kuma motarsa ta lalace a hanya. Saura ɗaya. Na ce ba komai, in koma Galadi in sake tafa wa Adama hannu. Na kira Malam Mamman ya shirya mashin, sai ya ce ai babu rugar. Ɓarayin daji sun kore shanun kaf, mutanen sun watse, su Buba suna nan Kaura a wani kango da ba a gama ginawa ba. Adama kuwa zazzaɓi ya kama ta a hanya, farfaɗiya ta yi ta tashi, kwana shida da isowarsu Allah ya karɓi abarsa.

Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye muku ba. Yarinyar ta shiga raina, ga kuma alkawarin uwarta, ga kwalba ɗaya tak a cikin tulu saboda na yi gaggawar cin nama.

Wata biyu ba mu taɓa ta ba. Muka kwance inkubeta gunduwa-gunduwa muka dafa abin da ke dafuwa, aka gyara rufin ɗaki, aka ajiye tukunyar gas ta biyu, muka gwada da wasu ƙwayoyin da ba a jin asararsu har muka tabbata ɗakin ya tsarkaka. Ranar narkarwa na roƙi Farfesa ta yi da hannunta. Ta ce, "Ke kika daskarar da uku, ke za ki narkar da ta ƙarshe." Aikin bai fi minti biyu ba. Ka ciro kwalba daga hayaƙi, ka tsoma gindinta a ruwan ɗumi kana kaɗawa, da saura ɗan ƙanƙara kaɗan ka fesa sifirit ka shiga akwati, ka ɗiga abinci a hankali, ɗigo ɗigo, don in ka zuba gaba ɗaya fashewa suke yi. Haka na bi, ɗigo ɗigo, na mayar da farantin cikin inkubeta. Washegari na leƙa madubi, gawarwaki ne ke yawo a sama ko'ina. Na bi farantin lungu-lungu, can na ga dunƙule uku sun manne. Na fita waje na zauna a kan matakala, masinja ya zo wucewa ya gaishe ni, na amsa masa har da tambayar kakanninsa.

Da suka yawaita, ashirin na daskarar kafin in yarda in yi wani abu. Sannan muka canza musu abinci zuwa wanda ke karkata su wajen ƙwaƙwalwa, su da na Saude da muka sake ɗauka a nan Kaura. Bayan kwana goma sha wani abu sai ka ga ƙwayoyin sun jeru da kansu a zagaye, kowace ta sa kai tsakiya, kamar saƙar faifai. Ba wanda ya koya musu, haka suke yi a cikin uwa. Na Saude zagayen manya ne, iyayen ƙwayoyin suna ta haihuwar irinsu kafin su fara zama jijiya. Na Adama ƙanana ne, suna gaggawar girma tun ba su tara yawa ba, sai ginin ya tsaya da wuri. Sau uku muka maimaita, sau uku haka. Ana cikin haka sakamakon audugar kumatu ya dawo. Akwai wani gurbi guda da ya sauya a littafin jikin nan da ake gado, Buba yana da kwafi ɗaya, Hajjo tana da ɗaya irinsa sak. Mai ɗaya lafiyarsa lau. Adama ta haɗa biyun.

Farfesa ta zaunar da ni ta koya mini yadda zan faɗa, ta ce kada in kuskura in nuna wa kowa yatsa. Na same su a kangon, an rataya buhu a madadin ƙofa. Na ƙara yi musu ta'aziyya, sannan na fito da waya na nuna musu hotuna biyu, na Saude da na Adama. Na ce waɗannan a faranti suka tashi, ba su taɓa zama a gindin tsamiya ba, amma ga shi sun yi abin da kan Adama ya yi. Goggo ba ta da saurin sallamawa. Ta ce ai daga jikin yarinyar aka ɗebo su, iska kuwa ta riga ta shiga tun a ciki. Na ce to, Goggo, akwai sauran magana. Abin da ya jawo haka mun same shi a jikin Hajjo, mun kuma same shi a jikin Buba, iri ɗaya, kuma kowannensu da shi aka haife shi, tun ba a san za su yi aure ba. Ba ci ba ne, ba zama ba ne, ba laifin kowa ba ne.

Tsohuwar ta shiga lissafi. Na ga leɓenta yana motsi, tana lanƙwasa yatsu. Ta tambaye ni shi Buba daga ina ya samo. Na ce ba mu gwada kowa ba bayan su biyu, ba zan faɗi abin da ban gani ba.

"Ba sai kin gwada ni ba," in ji ta. "Na yi kiwo tun ba a haife ki ba, na san yadda kama ke bin garke. Buba ɗana ne. Wagga ɗiyar ƙanena ce. Ni da ubanta ciki ɗaya muka fito. Ta wajena ya bi."

Buba ya sunkuyar da kai. Na fara cewa ba haka ake lissafin laifi ba, ta ɗaga mini hannu.

"Shekara tara na hana ta ƙwarya. Yau ga gaskiya ta zo har gida, ba ni da saniya ko ɗaya da zan ce ta tashi ta tatsa." Ta juya wajen surukarta, a gabana, ni baƙuwa, a gaban ɗanta. "Hajjo, ki yafe ni."

Ku da ba ku zauna da Fulani ba, ba ku san abin da na gani ba. Hajjo ta ja mayafi ta rufe fuska ta fice, don kunya ba za ta bar ta ta amsa ba.

A bayan kangon na same ta, da sauran aiki guda a jakata. Tunda yarinyar ta rasu, doka ce in sake tambayar iyaye ko mu ci gaba da ajiye ƙwayoyin ko mu zubar, kuma duk abin da suka zaɓa shi za a yi. Buba ya ce maganar uwarta ce. Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallon 'yan zagayen nan. Ta tambaye ni ko suna jin zafi. Na ce ba sa jin komai, ba su san komai ba, ba Adama ba ce, Adama tana wurin Ubangijinta. Ta gyaɗa kai, ta goge yatsanta a zane ta miƙo don in shafa tawada.

"Ki bar su, Yaya. Tana raye ba ta taɓa cewa ko Inna ba. Yau ita ta yi mini shaida."